Ƙulli Biyu

Tun da Barira ta tafi Mirya jinyar ƙanwarta
murhunmu ya huce, kyanwa ta mai da shi gado.
Kullum bayan isha'i sai in gangara Sabon Gari,
gidan abincin Hajiya Magaram, dab da mai faci,
in ce: tuwo biyu, miyar kuka, a ƙulla mini.
Ɗaya nawa, ɗaya na Inna,
wadda cikinta ya daina ga-maciji da barkono.

Jika ɗaya nake miƙawa,
dala ashirin ke dawowa,
farin ƙarfe, da sauran ɗumin hannun Mutari.
Nan gardama ke tashi, ni da tafin hannuna.

Ai ban zauna ba.
Ba a goge mini tebur ba, ba a kawo buta ba,
ban kurɓi ruwansu ba, a garin da ruwa ke jan aji.
Tukwici na ɗan aike ne,
wanda ya taka sawu ya kawo alheri har zaure;
ni na kawo kaina, ni zan mai da kaina.
Kiyari ma, da muke aiki tare a gidan waya, cewa ya yi:
"Da can mai saye ake wa gyara.
Yaushe guga ya fara kai wa rijiya ruwa?"
Na yi dariya, na jefa kuɗina aljihu.
Kwana tara ina jefawa.

Ran na goma zazzaɓi ya kwantar da Mutari.
Wani dogo ya ƙulla, idonsa na kan ƙwallo.
Ban kai Tudun Jamus ba, a bayan kabu-kabu,
na ji ɗumi na bin cinyata:
kuka ta yi wa farar shaddata zane.
Abin da ya saura Inna ta ɗanɗana,
ta ture kwano, ta kwana da ruwan shayi.

A daren na karanta ƙullin.
Ashe leda biyu yake sa wa miya.
Ta Inna ƙulli biyu, tawa ƙulli ɗaya,
don yatsa ya gane in an ɗauke wuta.
Sau ɗaya na faɗa masa, daren farko,
cikin hayaniyar 'yan tasha, ya riƙe.
Ni mai shekara ashirin ina tara lissafi
ban taɓa ba wannan layi ba.

Da ya dawo, wuya kamar mariƙin lema,
na bar canjin a kan faranti.
Hajiya ta share shi cikin gwangwaninta
ba ta ko katse hirarta ba.
Mutari ya dubi ƙasa.
To, na koyi wannan ma:
a tafi ake sawa, cikin musabaha,
kamar kana tambayarsa ya ƙarfin jiki.
Ba a ɗaga murya, ba a tsayawa jiran godiya.

Kada ku ce waliyyi ne.
Ran Laraba ya shanya ni rabin awa
yana zuba wa wata mai jan lalle zance,
tuwo na kan tebur yana zama dutsen Birni.
Daren nan dala ashirin ta bi ni gida.
Na dube shi, ya dube ni,
ba wanda ya tambayi wani.
Alhamis ledar ta zo da zafinta,
har da ƙashi mai ɓargo da ban saya ba.
Gyara ce? Ban haƙuri ne?
Ban tambaya ba, na tsotse.

Jiya Barira ta dawo, da sabon tulu da rake.
Hayaƙi ya tashi a gidanmu, kyanwa ta yi hijira.
Inna ta kai loma ɗaya ta ce miyar ta yi yaji.
Ni kuwa da na tuɓe riga
wani ƙarfe ya faɗo, ya yi ta juyi a siminti,
ya shige ƙarƙashin gado.
Na durƙusa ina lalube a duhu,
ban san ko nawa nake nema ba, ko nasa.