Mai Riƙon Makulli

Shekara goma sha tara makullin na aljihuna,
har ya huda mini wando uku.
Ni ke buɗe majami'armu a nan Tawa,
ni ke buga tsohon ƙarfen ƙafar tirela
da ke rataye a reshen dogon yaro.
Bugu bakwai. Hannuna ya san adadin,
ba sai ya tashe ni daga barci ba.

Na san inda Tabita za ta ja numfashi a baiti na uku,
na san tarin Dattijo Arzika kafin sanarwa,
na san in Fasto Nomau ya cire tabarau
saura minti goma a ce Amin.
Mu tashi, mu zauna, mu sake tashi,
kamar masu jan ruwa a rijiyar da ta ƙafe:
igiya na cin tafin hannu,
guga na hawowa da yashi.

Ba mu fasa komai ba, Allah ne shaida.
Baiko na shiga littafi, jaka da dala,
ni da Safaniya ke ƙirgawa.
Zumuntar mata ta ɗinka sabon anko,
mun sayo amsa-kuwwa biyu daga Ƙonni,
mun shafe bango da shuɗin fenti.
Ran Jibin Ubangiji ni ke jera ƙananan kofuna,
ni ke wanke su in an watse,
ina lissafin kuɗin kuran da na buhun hatsi.

Wata Laraba da azahar ina shara,
wani ɗan dako ya tsaya a bakin ƙofa,
warin albasa ya riga shi shigowa.
Ruwa ya roƙa. Na miƙa masa moɗa.
Ya sha, ya goge baki, ya leƙa bencina,
ya ce, "Baba, kullum ina jiyo ku daga tasha.
Wanda kuke kira da ƙarfi haka,
yana amsawa kuwa?"

Na buɗe baki,
sai na ji kaina ina cewa,
"Lahadi ƙarfe tara, Laraba ƙarfe biyar,
Juma'a koyon waƙa."
Ya yi godiya, ya tura amalankensa.
Ni kuwa na ƙame da tsintsiya a hannu
kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Da can mu tara ne a rumfar zana,
ba benci, ba fanka, ba ko agogo.
Baffana ya hana ni gona saboda wannan Suna,
na tafi ina kuka, kuma ina waƙa.
Mukan durƙusa da hantsi,
mu ɗago kai inuwa ta juya gabas.

Ubangiji, yaushe Ka fita?
Ta wace ƙofa?
Ni ne mai makulli, ban ji motsi ba.
Mun yi ta tafiya da ayari
muna zaton Kana cikin ƴan rakiya,
ba wanda ya waiga.
Ko kuwa Kana nan a bencin baya,
mu ne muka cika ɗakin da muryoyinmu
har ba Ka sami inda za Ka sa baki ba?

Tukunya na kan murhu, muna ta tuƙi da muciya,
ba wanda ya duƙa ya duba ko akwai wuta.
Fankan-fankan dai ba shi ne kilishi ba.

Yau Asabar, dare ya raba.
Na bar ƙofar a buɗe, ban kunna fitila ba.
Na zauna a siminti, ba a kujerar dattawa ba.
Addu'o'in da na haddace na baro su a gida
tare da rigar Lahadi.
Jemage ɗaya na kewaya rufin kwano.

Gobe zan buga ƙarfen, ba makawa,
Tabita za ta ja numfashinta.
Amma daren nan ba ni da aiki.
Ga makullin, na ajiye shi a ƙasa
tsakanina da Kai.
In ɗan dakon nan ya sake jin ƙishirwa,
me zan gaya masa?