Goyon Dutsen Lauz

An ce daren Alhamis dusar ƙanƙara za ta sauka a Dutsen Lauz,
sai ga ni bayan Isha a shagon Muƙbil, cikin Tabuk,
ni da ban taɓa taka farar ƙasa ba
in ba gishirin da ya zube a kicin ɗin asibiti ba.

Jakunkuna a rataye kamar jemagu.
Na nuna babbar, mai lita saba'in.
Ya ce, "Hijira za ka yi?
Wuni ɗaya ne, Tanimu. Dutse ba ya son mai haɗama."

Ya sauko da wata mai lita talatin,
ya zuba mata dabino kilo takwas,
ya ce in zaga shagon sau uku.
A zagaye na biyu kafaɗa ta fara kai ƙara.

Ya yi tsaki, ya kama ɗamarar ƙugu ya ja.
"Nauyi a kwankwaso yake zama,
kafaɗa rakiya kawai take yi."

Sai dariya ta kama ni.
Ashe abin da Inna Dije ta sani ke nan
tun tana ɗaure ni da majanyi,
ta haye tudun Kwatarkwashi da itace a ka
ba ta taɓa biyan riyal ɗari huɗu ba.

Na gwada zif da safar hannu,
don an ce a can yatsu kan manta mai su.
Nan aljihun filas, nan na tocila,
nan na ɗan shebur da nake roƙon Allah kada in buƙata.
Igiyoyin gefe su riƙe allon zamiyar Mishari,
wanda ya rantse zai koya mini faɗuwa kafin tsayuwa.

Saura launi.
Raina ya kwanta da mai ruwan toka, ba ta nuna dauɗa.
Muƙbil ya miƙo ja, ja wur kamar barkono.
"In hazo ya rufe, wa zai ga toka a kan toka?"

Na biya. Ya juye dabinonsa, ya bar mini bakwai a ƙasa.

A hanya waya ta yi ƙara, 'yata ce Lantana:
"Baba, ka ɗebo mini ƙanƙarar a jaka."
Na ce to.
Ban gaya mata kafin azahar take narkewa ba.
Na dai buɗe ƙaramin aljihun sama,
na bar shi ba komai.