Ajin Dare a Recife

Ƙarfe bakwai Edivaldo ke ajiye bas,
hannunsa na warin dizal,
ya hau matakala talatin da tara
zuwa ɗakin da ke saman shagon kifi.

Allonsu ƙofar mataccen firji ce,
kujeru kuwa akwatunan lemo.
Babu mai biyansa ko sisi,
sai Dona Jurema da ke aiko gahawa
da gasasshen rogo a leda.

Tainara na ɓare ƙaguwa da rana,
yatsunta duk tsaga,
tana riƙe fensir kamar zai cije ta.
Cleiton ya zo mako uku,
sai masu ƙwaya a lungu
suka yi masa tayin sabon takalmi.
Wata biyu akwatinsa na nan wayam.
Ba a ɗauke ba.

Jiya aka ɗauke wuta,
suka kunna fitilun waya.
Tainara ta raba ɗari tara da sha biyu gida takwas:
"Ɗari da sha huɗu?"

Daga bakin ƙofa, cikin duhu,
wata murya ta ce, "Haka ne."

Edivaldo bai waiwaya ba.
Ya dai tura akwatin da ƙafa.