Mai Neman Yoyo

Shafi'u ya gina, ni ke rushewa,
haka muka raba aikin tun farko.
Yana zaune ƙarƙashin fanka a Sabon Gari,
wayarsa sabuwa, fuskarta kamar ruwan randa,
ya ce, "Baraka, manhajar adashe ta nuna,
ɗanɗana ki ji."
Na ce ba a yabon tuwo a bakin mai tuƙi.

Wayoyi bakwai gare ni a cikin kwanon sha.
Ɗaya ta tsage daga goshi har haɓa,
ɗaya cikinta ya cika da hotunan suna,
ba ta da wurin ajiye ko da tari.
Ɗaya, in ta yi zafi, sai ta suma.
Ta bakwai an ɗaure bayanta da kyauro,
ita ce malamata.

Na'urar gwaji ta kwana tana dannawa,
da safe ta jera mana korayen alamu ɗari uku.
Madalla.
Amma na'ura ba ta taɓa suyar ƙuli-ƙuli ba,
ba ta san yatsa mai maiƙo ba,
ba ta tsaya a Kasuwar Dole da azahar
rana ta shanye rubutu daga kan gilashi ba.

Na hau kabu-kabu na nufi hanyar Mirya,
ina kallon sandunan rezo suna faɗuwa:
huɗu, biyu, ɗaya, shiru.
Nan na danna Aika.
Ƙawanya ta yi ta juyi kamar akuya a turke,
na sake dannawa, yadda kowa zai yi,
sai ga zubi ɗaya ya fita sau biyu.
Na rubuta a littafina, ina murmushi.
Allah ya yafe mini,
ni kaɗai ce a garin nan
da ɓarna ke faranta wa rai.

Kuran ya ɗauke ana tsakar lissafi,
waya ta mutu da kuɗin mutane a bakinta.
Da ta farfaɗo na tambaye ta, ina suke?
Ta dube ni kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.
Sunan Ɗayyaba kuwa, ƙugiyar ta faɗi,
an bar mata akwati a farkon suna.

Duk wannan wasa ne.
Babbar jarrabawa tana Birni, bayan duwatsu,
wajen Magaram, uwar adashen mata goma sha tara,
wadda ba ta taɓa ɓatar da ko tamma ba
shekara ashirin, da ƙwaƙwalwa da ƙullin zane.
Na miƙa mata, na kama bakina,
don mai gwaji in ya yi magana ya ɓata gwaji.
Ta rubuta ɗari biyu, ta ce, "Jaka ke nan."
Manhaja ta ce tamma ɗari biyu.
Ita da dala take ƙirga, mu da faran muka gina,
kashi huɗu cikin biyar ya bi iska
ba tare da layi ɗaya ya yi ja ba.
Ta ajiye wayar a gefen tabarma,
ta ce, "Abin naku bai iya kuɗi ba.
Kuma me ya hana shi magana? Idona ya gaji."

Na koma da yamma, ƙafa duk jar ƙasa,
na zube wa Shafi'u kurakurai goma sha ɗaya.
Ya dafe kai, ya ce, "A tawa lafiya lau take."
Na ce na sani.
Mai ɗaki ya san inda yake yoyo,
amma sai in ya kwana ciki da damina.

Ya jawo kujera. Na ɗora shayi.
Gobe zai ce ya gyara,
ni kuma in ɗauki kwanona
in koma in ji ko gyaran ya karya wani abu.