Kiran Suna

Kashegarin Sallah, bayan La'asar,
a gindin bedin nan na bayan Ƙofar Marusa,
muka sake shimfiɗa tabarmi shida da benci guda,
mu 'yan Ɗaki Sha Ɗaya na kwaleji,
da muka rabu da baƙin gashi,
muka dawo kowa na ɓoye furfura a hula.

Ni ne magatakarda, ba don na fi kowa ba,
don ni kaɗai ne ban yar da littafin ba.
Bangonsa ya sha maiƙon hannu da yoyon damina,
har yau yana warin kananzir ɗin risho.

Na buɗe, na fara kira.

Rabe! Ya amsa daga cikin mota,
kwastan ta ba shi tumbi da direba.
Muka ce, Ɗan Kwaki, sauko ƙasa,
nan ba a sayar da ranka-ya-daɗe.
Ya sauko yana dariya, yana dafe gwiwa.

Mannir! Ya aurar da ɗiyarsa a Dutsin-Ma,
wai mun cinye waina mun tafi hannu na dukan cinya.
Sharri ne, ga shi a rubuce:
dubu arba'in da buhun shinkafa.

Iro! Yana nan yana bin fansho a sakatariya,
takalminsa ya haddace kowace matakala.
Ba mu tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.
Bishir dai ya cusa masa wani abu a aljihu
lokacin da idanu ke kan butar shayi.

Aka tayar da tsohuwar shari'a:
wa ya kwashe sukarin Tukur daren jarrabawa?
Shekara talatin da ɗaya kotu na zama
ba ta taɓa yanke hukunci ba,
don alƙalan duk sun sha kokon.

Sai ga yaran yanzu, su huɗu,
masu kwana a ɗakin namu,
da takarda a ninke, da gaisuwa har ƙasa.
Famfo ya ƙafe, fanka ta tsaya,
ƙofa ba sakata.
Muka ce, mu a zamaninmu ina muka ga fanka?
Suka yi shiru irin na 'ya'yan mutunci,
har kunya ta kai hannuwanmu aljihu.

Na koma kan littafi.
Bakina ya riga hankalina:
Zailani!
Na kira da ƙarfi, kamar kowace shekara.

Cokali ya daina yawo a kofi.
Cikin Rajab muka raka shi Ɗan Marna,
shi da kullum yake zuwa a makare
kan tsohuwar Basfa, yana ɗora wa taya laifi.
Wannan karon ya riga kowa.

Ƙaramin yaran ya ɗaga hannu kamar a aji.
"Baba, wane Zailanin?
Akwai sunan a bango, daidai kan gadona,
an ƙwaƙule shi da ƙusa.
A ƙasa an rubuta: Tukur, ni na sha sukarin."

Tukur ya yi dariya, ya yi dariya,
har dariyar ta juye ta zama wani abu,
ya janyo hula ya rufe fuska.
Da ƙyar muka ji shi:
"Na yafe. Har kokon na yafe."

Doka ta bakwai ta ƙungiya ta ce
wanda ya yi wata uku bai zuba ba, a soke sunansa.
Ni na rubuta ta, da biro ja, ina ɗan ashirin,
ina jin na iya duniya.

Da aka kira Magariba kowa ya nemi buta,
Rabe yana tambayar yaran kuɗin sakata nawa ne.
Na zaro ɗari biyar cikin na cefanen gobe,
na jefa a gwangwani,
na rubuta gaban sunansa: ya biya.