Gida Mai Lamba Tara

Kafin zakara ya gama gardama da duhu
na jingine sanda, na janyo keken.
Shekara talatin da ɗaya na raba wasiƙu a kansa
cikin ƙauyukan Mazuri.
Yanzu gwiwa na ƙara, sarƙa na ƙara,
ban san wa ya girmi wani ba.

Halina ta leƙo ta taga, hannu duk gari:
"Wiesław, kwalta ba guduwa za ta yi ba,
ka ci burodi tukuna."
Na cusa shi a aljihu da ɗuminsa.

Hanya ta bi gefen tabki kamar ɗinki a bakin riga.
Ruwa na fitar da farin numfashi,
kwalekwalen Zenon masunci na kife a ciyawa.
Shamuwa ta dawo daga ci-rani,
tana kan falwaya tana gyaran sheƙar bara,
ko kallo ban ishe ta ba.

Akwai hawa bayan gonar dankali.
A da, da jaka cike nake cinye shi.
Yau na sauka na tura, ban ji kunya ba,
mai tura keke ya fi ganin fure.

Daga kan tudu ga ganuwar jan bulo,
mazaunin mayaƙan da suka zo da takobi da gicciye
shekara ɗari shida baya, in allon ƙofa bai yi ƙari ba.
Rabin hasumiya ya zube.
A sauran rabin ana sayar da tikiti da askirim,
hankaka ne mai gadi.

Sai fiuu! Matasa takwas,
kaya a ɗame kamar fatar ganga,
kai a duƙe, ido a kan agogo suna ƙirga kilomita.
Suka wuce tsohon injin niƙa na bakin rafi,
babu wanda ya waiwaya.

A kwanar da itatuwa suka yi wa titi rumfa
na tarar da ɗaya a tsugune, taya ta sace.
Budurwa ce, harshenmu na ƙona mata baki.
Na fito da faci da gam,
muka tsoma tiyub a tabki muna jiran kumfa.

Ta zaro takarda daga ƙirji, duk gumi:
Ottilie Lask, gida mai lamba tara.

Hannuna ya tsaya a kan famfo.
Na san lambar nan kamar yunwar cikina.
Duk kaka wasiƙa kan zo daga Jamus,
shuɗiyar tawada, rubutu na rawar sanyi,
zuwa gidan da ba ƙofa, ba rufi,
sai matakala uku da bishiyar tuffa.
Dokar aiki ta ce a mayar wa mai ita.
Ni kuwa sai in ɗaga dutse, in ajiye, in danne.
Sau goma sha tara.
Wata kaka jakata ta zo ba ita.

"Kakata ce ke rubutowa," in ji ta.
"Tana 'yar shekara bakwai aka ɗora su a amalanke
cikin ƙanƙara, igwa na tsawa a bayan daji.
Uwarta ta ce su yi gaba, za ta kwance saniya."

Muka tura kekunan cikin ƙaiƙayi har gwiwa.
Tuffa ta yi fure, ba ta san an tashi ba.
Yarinyar ta ɗaga dutsen da hannu biyu.
Tururuwa suka watse da ƙwayayensu.
Babu takarda.
Sai ƙasa mai laushi, da ɗan shuɗi a cikin dutsen.

Ta goga yatsa, ta daɗe tana duban sa.
Wayarta na ruri, abokan tafiya sun kai gada.
Na gutsura mata burodin Halina,
muka ci a kan matakala ta biyu,
ba mu da kalma ɗaya ta kirki tsakaninmu.

Saura kilomita ashirin da shida in rufe zagaye.
Iska ta juyo, tana fuskata.
Jakar babu komai,
amma a hawan coci sai da na sake sauka.