Bakan da Hamma Bai Rufe Ba

Wata bakwai ta yi a akwatin Hamma Babayo,
ƙarƙashin rigar makarantarsa,
kalkuleta mai faffaɗan allo
da ya saya da kuɗin wakensa na kaka biyu
ya hana kowa taɓawa.
Yau Inna ta miƙo min ita a leda,
ta ce, "Jarrabawa ta matso, Dudu.
Ba a ajiye fatanya a yi noma da farce."

Batir huɗu na sayo a Jekadafari.
Na saka, ta yi ƙifta-ido irin na mai tashi daga barci.
Madannin daidai ya goge,
babban yatsansa ya cinye fentin.

Malam Yila ya koya mana a allo:
kowane layi da wai yake farawa.
Wai daidai take da kaza.
Muka yi ta dariya a aji,
ashe lissafi ma da jita-jita yake buɗe baki,
sai ka danna zana
sannan wai ta zama gani.

Na shiga jerin, na tarar ba ni kaɗai ba ce.
Layi uku ya bari.

Na farko, ekis sau ekis a tara da arba'in.
Na danna.
Layin tsaye, layin kwance, sun gicciye,
sauran fili fayau kamar gona bayan an kwashe kara.
Na ce ta lalace.
Na bubbuga ta a tafin hannu yadda Baffa ke yi wa rediyo.
Can na tuna muryarsa, bakinsa cike da gyaɗa:
"Abin yana nan, tagarki ce ƙarama."
Na faɗaɗa tagar, goma ta koma sittin,
sai ga ƙwarya a rataye can sama,
ɗigo bayan ɗigo tana buɗe baki.
Tun ɗazu tana wurin.

Na biyu ya yi ta hawa da sauka
kamar hanyar Tula a motar kasuwa,
ba ya wuce ɗaya, ba ya gaza ɗaya ta ƙasa.
Wannan na gane shi. Haka Inna take tun Muharram.

Na uku ne ya tsayar da ni.
Ɗaya a raba da, ya buɗe baka,
ekis a ɗebe uku,
shi ke nan.
Bai rufe ba.
Ko an kira salla ne, ko Sale Mai Babur ya yi oda a ƙofar gida,
ko cewa ya yi bari in dawo.

Ɗan baƙin ɗigon yana ta ƙiftawa a gurbin.
An ɗauke wuta a Tudun Wada,
injin markaɗen maƙwabta ya yi shiru,
ni da fitilar waya da yatsa a sama.
In na rufe, na gama masa magana.
In na bari, haka zai yi ta jira.

Na rufe.

Layi ya taso daga hagu, a hankali, kusa da ƙasa,
da ya doshi uku sai ya zurma,
ya fice ta gindin allo.
Wani ya faɗo daga sama ta dama,
ya kwanta, yana bin layin kwance bai taɓa shi ba.
Tsakaninsu siririn rata.
Na kai ɗigon kan uku daidai, na tambaye ta wai.
Ta bar gurbin babu komai.
Ba a raba abu da sifili, in ji Malam Yila,
ko ka faɗaɗa taga har Dadin Kowa.

Inna ta leƙo, ta ce, "Tana aiki?"
Na ce tana yi.
Na sauka layi na huɗu, wanda ba kowa,
na buɗe littafina shafi na casa'in da biyu,
tambaya ta ɗaya.